Rage ƙiba a kan hanya: daga filin jirgin Abuja zuwa teburin otal

Wanda ya shafe wata uku a Abuja yana auna tuwonsa, ya rage mai a miya, ya koma cin acca da dare, idan tafiyar Umara ko sarin kaya a Dubai ko wani taro a Landan ta taso masa, abin da ya kamata ya ƙudurta shi ne ya dawo da nauyin da ya tafi da shi. Ragi a bari sai an dawo gida. A gida ido ya san girman malmala, ya san ludayin miya, ya san kwanon da ake zuba masa. A ƙasar waje duk waɗannan ma'aunai babu su. Mai cewa lallai sai ya zubar da kilo biyu cikin kwana goma yakan takura kansa kwana uku, a na huɗu yunwa ta ci ƙarfinsa ya saki jiki gaba ɗaya.

Ɓarna tana farawa ne tun a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Za ka isa awa uku kafin tashi, ga layi, ga jira, sau da yawa kuma ga yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha. Mai jin yunwa a irin wannan wuri, biskit da lemon kwalba ne suka fi kusa da hannunsa. Don haka ka ci cikakken abinci kafin ka bar gida: wake ko alala, ƙwai ko kifi, da ganye mai yawa. Ka riƙe gorar ruwa wadda babu komai a ciki, tunda a yawancin filayen jirgi ba a wucewa wurin bincike da ruwan da ya haura mililita 100, ka cika ta bayan ka wuce. Iskar cikin jirgi busasshiya ce sosai, kuma mutane da yawa ƙishirwa suke ji su ɗauka yunwa ce.

Kamfanonin jirgi da dama suna da abinci na musamman, amma sai ka nema tun kafin ranar tafiya, aƙalla da awa 24, wasu ma 48. Lambar abinci mai ƙarancin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, ita ce LCML, na masu ciwon suga kuma DBML. Idan ka manta, ka cinye nama da ganyen da aka kawo, ka ci rabin shinkafar, ka bar ɗan burodin da kek ɗin da lemon.

Batun guzuri yana bukatar kula. Gyaɗa soyayya abokiyar tafiya ce, amma cikin tafin hannu ɗaya, wato kamar giram 30, ya kai kalori 170. Ka ƙulla ta ƙulli-ƙulli tun a gida, kowane ƙulli na rana ɗaya. Wanda ya buɗe kwalbar gyaɗa a ɗakin otal yana kallon talabijin, sai ya ga gindinta. Kilishi da dambun nama suna riƙe ciki, sai dai Birtaniya da Amurka sun hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama. Jami'an kwastam za su ƙwace, a Amurka kuma rashin bayyana shi kan jawo tara. In ka ɗauka, ka ɗauki wanda za ka cinye kafin a sauka.

Karin kumallon otal, inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa, shi ne babban tarko, domin zuciya tana raya wa mutum cewa ai ya riga ya biya. Ka zaga teburin sau ɗaya hannu wayam ka ga abin da ke akwai, sannan ka ɗauki faranti. Dafaffen ƙwai biyu kalori 150 ne ko kusa da haka. Ƙara tumatir da kokwamba da yogot marar suga, da yankan burodi ɗaya. Kofin ruwan lemo kuwa ya haura kalori 100 kuma ba ya tare yunwa ko kaɗan, gara ka ɓare lemon ka ci da tsokarsa. Faranti ɗaya, zuwa ɗaya.

Tunda ba sikelin kicin a jaka, hannunka ne ma'auni. Nama ko kifi girman tafin hannu, shinkafa ko taliya ko dankali girman dunƙulen hannu, ganye cikin hannu biyu, mai ko man shanu girman babban yatsa. Amfanin wannan yana fitowa fili a Saudiyya, inda ake kawo kabsa ko mandi a babban tire mutum huɗu ko biyar su zagaye. A tire ba ka sanin abin da ka ci. Ka nemi ƙaramin faranti ka ɗebi naka sau ɗaya, ka cire fatar kazar. Shinkafar nan an dafa ta da maiƙon nama, shi ya sa take santsi, kuma babban cokali ɗaya na kowane irin mai kalori 120 ne. Haka ful da ake ci da burodin tamis da safe: waken kansa abinci ne mai kyau, man da ake kwarara masa ne za ka ce a rage.

Mahajjata da masu Umara suna yawan ruɗar kansu da cewa tafiyar ƙafa ta goge komai. Safa da Marwa sau bakwai ya ɗan haura kilomita uku, kuma mai nauyin kilo 80 abin da zai ƙona a nan bai wuce kalori 200 da ɗoriya ba. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 kalori 139 ne, da suga giram 35. Ƙaramin dabino ɗaya kalori 20 zuwa 25 ne, babban majdul kuma ya haura 60. Dabino albarka ne, ba wanda zai ce a bar shi a Madina, amma a ƙidaya: uku a zama ɗaya ya isa. Wanda yake tsinta goma tsakanin Magariba da Isha ya riga ya ci abincin dare bai sani ba. 'Yan kasuwarmu na Deira a Dubai kuwa, shayin karak mai madara da suga ne yake cinye musu tsari, kofi huɗu ko biyar a yini ana zagayen shaguna.

Ka koyi karanta takardar jikin kaya. A Turai ana rubuta lamba biyu, kJ da kcal. Ta kcal ce taka, ita ce kalori, ɗayar ta ninka ta sau huɗu da ɗan abu. A can ana lissafi bisa giram 100, a Amurka kuma bisa rabon ci ɗaya, alhali fakiti ɗaya yana iya ƙunsar rabo biyu ko uku. A Birtaniya kaya da yawa suna da launi a gaba: ja na nufin suga ko mai ko gishiri ya yi yawa. Saudiyya ta wajabta wa gidajen abinci rubuta kalori a jerin abincinsu tun 2019, Ingila kuma ta ɗora wa manyan kamfanonin abinci haka a 2022. Ka duba lambar kafin ka yi oda.

Idan a gidan 'yan'uwa ka sauka, ƙin cin abin da aka dafa dominka rashin kyautawa ne, kuma babu bukatar hakan. Tun ranar farko ka faɗa a fili: "Hajiya, Allah ya saka da alheri, ki bari in zuba da kaina, ina rage ƙiba ne." Ka ɗanɗana komai, ka yaba, ka ƙara miya da nama maimakon shinkafa.

Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu, na Dubai uku, na Guangzhou a China bakwai. Ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi, don haka ka koma cin abinci bisa agogon inda ka sauka tun ranar farko, kada ka ajiye kayan ciye-ciye kusa da gado. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin ko shan ƙwaya irin glibenclamide ya ga likitansa kafin tafiya, domin tsallake abinci tare da yawan tafiya a ƙafa yana iya faɗar da suga ƙasa, kuma magani a jakar hannu yake zama. Shayin rage tumbi da ake tallatawa, da yawansa ganyen filasko ne a ciki. Zawo yake sawa, ruwa ne yake fita ba kitse ba, kuma haɗari ne a zafin Makka.

Ka dawo Abuja, kada ka hau sikeli washegari. Gishirin abincin jirgi da na gidajen abinci, da dogon zama, da ƙarin sitaci, duk suna sa jiki ya riƙe ruwa, har ƙafa ta kumbura. Kilo ɗaya na kitse sai an ci rarar kalori kusan 7,700, saboda haka kilo biyun da ka gani bayan mako guda yawancinsa ruwa ne. Ka koma abincinka na gida, ka jira kwana huɗu ko biyar, sannan ka auna da safe kafin ka ci komai.