Ku Raya Maruƙa Kafin Ku Ƙara Sayen Shanu

Ƙannena masu shiga kiwon shanun madara, yawancinku kuna tambayata inda za ku sami saniya mai yawan nono, amma da wuya na ji mai tambayar yadda zai raya abin da saniyar za ta haifa. Ni ma da wannan tunani na fara, shi ya sa garkena ya daɗe bai ƙaru ba duk da kuɗin da na zuba a kasuwar kara.

Ku yi lissafin da ban yi ba. Saniyar Bunaji, wato farar saniyar Fulani, da ake kiwo a gargajiyance takan kai shekara 4 zuwa 5 kafin haihuwar fari, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa takan ɗauki kusan shekara 2. Ke nan mai shanu 10 masu haihuwa zai sami maruƙa kamar 5 a shekara, mata a cikinsu 2 ko 3, kuma waɗannan 'yan matan ne kaɗai za su maye gurbin iyayensu idan sun tsufa. Idan biyu suka mutu kafin yaye, garken ya tsaya ke nan a wannan shekara.

Inda na fi cutar da dabbobina shi ne wajen tatsa. Saboda masu sayen kindirmo suna jira, nakan tatse uwa ƙarƙaf, maraƙi ya tashi da yunwa, zawo ya same shi ba shi da ƙarfin jurewa. Ban kuma san darajar dakashi ba, wato nonon farko mai kauri da ke ɗauke da garkuwar jiki. Dole maraƙi ya sha shi ya ƙoshi cikin awa 6 na farko, domin bayan kwana guda hanjinsa ya daina karɓar wannan garkuwa, ko da an ɗura masa daga baya. Ku shafa aidin a cibiya ranar haihuwa, ku ware masa busasshen wuri, idan kuma zawo ya kama shi ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari kafin likitan dabbobi ya iso, saboda bushewar jiki ce take saurin kashe shi.

Na taɓa sayo saniya na haɗa ta da sauran a ranar, ta kawo mini ciwon huhu. Ku killace baƙuwa na wasu makonni, ku kuma yi rigakafin ciwon huhu da harbin daji da ciwon saifa a kan lokaci, tunda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana sarrafa alluransu a nan gida.

Wanda ke sha'awar barbarar Friesian, wato haɗin saniyar Turawa mai yawan nono da ta gida, irin wadda ake samarwa a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta Shika kusa da Zariya, kada ya kawo ta sai ya tanadi inuwa, maganin kaska, da harawa da dusa da angurya da za su kai shi ƙarshen bazara, domin ba ta jure zafi da yunwa kamar Bunaji ko Bokoloji.