Inda na kwana a aikin taswirar badala da filayen gefenta

Salam 'yan uwa masu koyon QGIS, manhajar haɗa taswira a kwamfuta, ga inda aikina ya tsaya. Kun san abin da na sa a gaba shi ne in fitar da taswirar ragowar badalar Kano da filayen da ke jikinta, daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya har Kabuga, saboda duk ranar da aka tashi gyara wajen a mai da shi wurin shan iska mai bishiyoyi to a samu takarda a hannu da ke nuna me ya rage, me aka cinye, kuma yaushe.

Abin da ya sa min wannan ra'ayi lambun Azhar ne na birnin Alƙahira. Wajen juji ne na ɗaruruwan shekaru, gidauniyar Aga Khan ta kwashe shi ta yi lambu mai faɗin hekta 30 aka buɗe a 2005, kuma garin haƙan ne aka tono ganuwar zamanin Salahuddin mai tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi aka gyara ta. Mu tamu ganuwar ba a binne take ba, a fili take muna kallo tana narkewa. Tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa, a 2007 ta shiga jerin wucin gadi na wuraren tarihin duniya na UNESCO tare da Dala da Kurmi da gidan Sarki, amma ka bi titin BUK yau ka gani da idonka.

To aikin wannan karon shi ne ɗora tsohuwar taswira a kan hoton tauraron ɗan adam na yanzu da Georeferencer, kayan aikin QGIS na daidaita hoton taswira da ainihin wurinsa a ƙasa, kuma a nan nake so mu daɗe don nan ne ake zamewa. Kana buƙatar wuraren da kake da tabbacin suna nan a tsohuwar takardar kuma suna nan yau ba su gusa ba. Kowa ƙofofi zai fara kamawa tunda sunansu na kan kowace taswira, amma ku yi hattara, da yawansu an rushe an sake ginawa da siminti lokacin faɗaɗa titi, ƙofar da kake gani yau ba lallai tana kan sawun ta da ba. Ni Dala da Goron Dutse na riƙe, dutse ba ya tashi, sai kusurwar babban masallacin Juma'a in taswirar ta bayan 1951 ce tunda a lokacin aka sake gina shi, sai tsoffin mararraba na cikin gari. Kuma a warwatsa wuraren, in ka tara su gefe guda ɗaya gefen zai karkace ko da lissafin kuskuren ya nuna maka ƙaramar lamba.

Sai maganar ma'auni. A tsarin UTM mai raba duniya shiyya-shiyya, Kano tana shiyya ta 32 arewa, lambarsa a QGIS ita ce EPSG:32632, da shi nake aiki don tsawo ya fito da mita. Amma tsoffin taswirorin safiyo na Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, in ka ɗauke su kamar a kan WGS 84 suke, wato ma'aunin da GPS ke aiki da shi, komai zai goce da gomman mitoci, a aikin ganuwa kuwa wannan ya isa ya jefa badala cikin gidan mutum.

Hotuna: Google Earth Pro na kwamfuta yana da wajen ja baya a ga shekarun da suka wuce, da shi na zana kududdufan da aka cike. Waɗannan ramukan ƙasar gini aka ɗiba a cikinsu, su ne kuma ke shanye ruwan damina, shi ya sa na ba su shafinsu daban, duk lambun da za a yi a wajen in bai san inda ruwa ke kwanciya ba ambaliya za ta cinye shi. Na gwada hotunan tauraron Sentinel-2 don ganin bishiyoyi, mita 10 ne kowane ɗigo, yana nuna kore amma ba ya ware kuka da darbejiya, dole a taka da ƙafa. Hotunan taurarin leƙen asiri na CORONA na Amurka da aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972 aka sake su a 1995 suna shafin intanet na EarthExplorer, su nake nema yanzu.

Fita fili da QField, manhajar da ke buɗe aikin QGIS a waya, nake yi, kowace bishiya da kowane guntun bango in ɗau hoto in rubuta yanayinsa. GPS ɗin waya yana kuskuren 'yan mitoci don haka ina gyarawa a kan hoto in na dawo. Kuma don Allah ku fara gaida mai unguwa kafin ku ɗaga waya, mutane na ganin mai auna fili sai hankalinsu ya tashi su zaci rusau ne, kuma suna da gaskiya. Dattawan wajen ma sun fi kowace taswira sanin inda kududdufi yake da sunansa.

Wanda ke zaune wajen Ƙofar Kansakali ko Ƙofar Waika kuma yana da QField ya yi min magana mu raba aikin, ɓangaren arewa ban taɓa shi ba tukuna.