Gyaran amarya ba aikin kwana uku ba ne

Duk uwar da ta shigo shagona a Kano da maganar biki, abin da nake fara tambaya shi ne saura kwana nawa. Amaryar da ake so ta yi sheƙi ranar kamu, tun saura wata guda ya kamata a kawo ta, domin dilka, wato haɗin da ake murje fata da shi, ba ta son gaggawa.

A Maiduguri na koyi sana'ar nan, a hannun gwaggona. Ba ta bar ni na taɓa jikin amarya ba sai da na iya dafa halawa. Sukari ne da ruwa da lemun tsami kawai, amma in wuta ta yi yawa ta ƙone, in ta yi kaɗan ta narke a hannu ta ƙi cire gashi. Da yatsa take gwadawa, ta ce, "'Yata, hancinki ne zai gaya miki ta nuna." Dilka kuwa mu muke haɗa abarmu da dankalin turawa da kurkum da mai, mu turara ta da sandal har ƙamshin ya ratsa ta. Mu murje amarya a hankali, gaɓa bayan gaɓa, sannan ta zauna a kan turaren tsugunno lulluɓe da bargo, ta yi zufa sosai.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu zuba man bilicin a cikin dilka, su sayar da arha. Yarinya ta yi fari fat cikin sati, bayan biki gwiwoyi da gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, fuska ta ƙone. Sai kuma a zo mini ana cewa, "Haba Hajiya, wance ma rabin kuɗinki take karɓa." Nakan ce a je a tambayo wancen me ta zuba a ciki.

Lalle shi ne na ƙarshe, ana saura kwana ɗaya ko biyu. Kafin na zana fure ɗaya sai an nuna mini leshin da aka yanko a Kantin Kwari, saboda in hannun riga dogo ne, ɓarnar aiki ce a kai zane har gwiwar hannu. Jan lalle a tafin hannu da yatsu, baƙi a bayan hannu. Ƙawaye masu anko kuma su zo da sassafe, don in amarya ta zauna ba na ɗaga kai na kalli kowa sai na gama da ita.