Man gyaɗa ko man riɗi, gardamar da ta ishe ni a nadi, wato gidan motsa jiki

Samarinmu masu ɗaga ƙarfe a nan Jidda sun samu sabuwar gardama, wai wane mai ne ya fi kyau a cikin allurar ƙara ƙwanji, wannan ya ce mai man riɗi ba ta ciwo, wancan ya ce a'a ta man 'ya'yan inabi ta fi saurin bin jiki, wani kuma ya zo da maganar wani tataccen mai da ake kira MCT yana faɗa kamar shi ya ƙirƙiro shi. Ni dai wallahi abin yana damuna, domin yawancin masu maganar nan ba su san daga ina kwalbar da ke aljihunsu ta fito ba, a WhatsApp aka yi cinikin, a bayan mota aka miƙo.

Bari mu fara da dalilin da ya sa ma ake saka mai. Sinadarin testosteron da 'yan uwansa ba sa narkewa a ruwa, sai a mai, to idan aka soka a tsoka man sai ya zauna a wurin yana sakin maganin a hankali cikin kwanaki ko makonni. Kamfanonin gaskiya kowa da wanda yake amfani da shi. Sustanon 250 da Deca-Durabolin man gyaɗa ne a ciki, shi ya sa takardarsu ta hana wanda jikinsa ba ya son gyaɗa ko waken soya, kuma mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa buɗe takardar nan ya karanta? Depo-Testosterone na Amurka man angurya ne. Akwai masu man riɗi. Nebido kuma man zurma ne, mai kauri sosai, mililita 4 ake yi lokaci guda duk bayan mako 10 zuwa 14, kuma ma'aikacin lafiya ne yake yi a hankali a hankali ga marar lafiyan da likita ya auna ya ga jikinsa ba ya samar da sinadarin.

To a nan ne mutane suke ruɗewa. Da sun ji an ce man gyaɗa sai hankalinsu ya kwanta, ai abincinmu ne, da shi muka tashi. Ɗan'uwa wanda ake suya da shi daban, wanda ake allura da shi daban, an tace shi an sake tacewa, an kashe ƙwayoyin cuta, an gwada kafin a rufe kwalba. Ciki yana da hanyar da yake maganin datti, tsoka ba ta da wannan, abin da ka zuba mata nan zai zauna. Wanda ya haɗa kayansa a ɗaki ya manna takarda mai kyau zai iya rubuta duk sunan man da ya ga dama, babu mai duba shi, kuma sunan man ba ya gaya maka ko akwai ƙwayar cuta a ciki, ko abin narkarwar da ya zuba ya yi yawa har yana ƙona nama.

Akwai wani yaro da muke motsa jiki tare, ba zan faɗi inda yake ba, cinyarsa ta dama ta kumbura ta yi ja tana sheƙi, ka ɗora hannu ka ji zafi kamar an ɗauko daga wuta, yana jan ƙafa yana cewa ai ciwon allura ne kawai zai wuce, wanda ya sayar masa kuma ya ce ya canja zuwa mai man riɗi. Zazzaɓi ne ya kai shi asibiti, sai da aka tsaga wurin aka matse mugunya, aka bar ramin a buɗe ana cusa auduga ana wankewa kullum. Da na je duba shi abin da ya fi damunsa kada mahaifiyarsa ta san dalili, ya ce mini yaya don Allah ka ce mata maruru ne. Har yau tsokar wurin ta lotsa.

Ko da man mai tsabta ne fa ba a tsira ba. Idan ɗan kaɗan ya shiga jijiya yana iya tafiya huhu, nan take mutum ya kama tari ba ƙaƙƙautawa, gumi, ƙirji ya ɗaure, jiri, wani har ya suma. Saboda wannan ne a Amurka da suka amince da Aveed a 2014, irin maganin Nebido ne, suka sa sharaɗin sai an zauna a asibiti minti 30 bayan allurar ana kallon mutum. Mu kuma a nan a banɗakin nadi ake yi, an kulle ƙofa, idan ka faɗi waye zai sani? Ga masu yawan soka wuri ɗaya, man yana taruwa ya zama ƙululu mai tauri a cikin nama. Masu Synthol kuwa, waɗanda mai kawai suke ɗurawa a dantse don ya kumbura, wasunsu sai an yanke naman da ya lalace. Sai kuma karɓa-karɓar allura ko kwalba ɗaya tsakanin abokai, hanyar ciwon hanta nau'in B da C da HIV ke nan.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk wannan surutun na mai ya rufe babbar maganar. A ce ka samu mai mafi tsabta a duniya, maganin da ke cikinsa yana nan yana aikinsa. Jiki idan ya ga an kawo masa daga waje sai ya daina yin nasa, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu har wani ya yi aure a jima ana jiran haihuwa ana ɗora wa matar laifi. Jini yana kauri, hawan jini, kitsen jini ya rikice, zuciya ta yi girma, wasu nono ya fito musu, ga saurin fushi. Babu man da yake hana ko ɗaya daga cikin waɗannan, na riɗi ko na gyaɗa ko na inabi. Kuma a ƙasar nan magani ne na takardar likita, mai sayarwa a ɓoye yana wasa da iƙamarsa ne, wato takardar zamansa a ƙasa, ku kun san yadda lamarin baƙo yake.

Wanda ya riga ya fara, ba zagi na zo yi ba. Idan wurin allura ya yi ja yana ƙara faɗi, ko ya yi zafi da zazzaɓi, kada ka tsaya gasawa da ruwan ɗumi ko shan ragowar maganin wani, ka tafi asibiti a ranar. Idan numfashi ne ya sarƙe ko ƙirji ya riƙe a kira 997, lambar motar agajin gaggawa. Akwai kuma 937 na ma'aikatar lafiya idan shawarar likita kake so a waya. Ka tafi da kwalbar a hannunka, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ka soka da tsawon lokacin da ka ɗauka kana yi, ka roƙi a auna maka jini da hanta da zuciya, kuma maganar dainawa ma da shi za ku tsara ta domin jiki yana ɗaukar watanni kafin ya dawo da yin nasa.