Lahadi, ranar da na faɗi sunansa

Tun jiya da daddare na haɗa ƙullun masa, na ce yau ba aiki, sai mun ci mun miƙe ƙafa. Har miyar taushe na shirya yi, Ummi ta samo kabewa a unguwar Cheetham Hill, nan Manchesta. Ƙarfe 4 saura na asuba waya ta yi ƙara, lambar da ban sani ba. Wata baturiya ce daga ofishin 'yan sanda, murya a kwance kamar mai karanta labarai. Abba yana hannunsu, lafiyarsa ƙalau, sai gari ya waye za su sake shi. Na sauko ƙasa na duba bayan ƙofa. Babu makullin motata.

Mun isa can bayan ƙarfe 8. Baban Ummi ya kashe mota ya ce shi ba zai shiga ba. Ban ja da shi ba. Matar da ke bayan gilashi ta ce wa nake nema, na ce Abba. Ta duba kwamfuta ta ce ba su da Abba, in faɗi cikakken suna.

Kun san ni da wannan sunan. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina ya ci. Shekara 22 ina kewaye shi kamar mai kewaye rijiya. Ba wai ban taɓa faɗa ba, zaman Manchesta ba ya barin mutum da kunyarsa, amma a asibiti ko makaranta sai in miƙa takarda, ko in faɗa ciki-ciki da sauri in wuce. Yau kuwa ta ce ba ta ji ba, in maimaita. Na maimaita. Ta ce in faɗa harafi bayan harafi. Na tsaya nan, wani bawan Allah yana gyangyaɗi a benci a bayana, ina jero sunan Alhaji marigayi ɗaya bayan ɗaya, a ofishin 'yan sanda, a kan maganar giya. Duk abin da ya faru yau, wannan ne ya ƙi barina.

Ya fito da igiyoyin takalminsa a hannu, ko zura su bai tsaya yi ba. Ya ce, "Umma." Na yi gaba.

A mota ba wanda ya ce uffan. Muka biya muka ɗauko tawa inda aka bar ta a gefen titi. Fitilun gaba ya manta bai kunna ba, shi ya sa aka tsayar da shi. Bai bugi kowa ba, bai goge komai ba. Na faɗi alhamdulillahi sau nawa a hanya, ban ƙirga ba.

Takardar 'yan sandan tana kan tebur har yanzu. Awon giyar da ke numfashinsa: 52. Ummi ce ta zauna da waya tana karanta mana kamar malamar aji: a Ingila iyakar ita ce maikirogiram 35 a cikin mililita 100 na numfashi, a Scotland ma tun 2014 sun mayar da ita 22. Hana tuƙi aƙalla wata 12, wannan ba roƙo a ciki. Ga tara. Tabon zai zauna a lasisinsa shekara 11. In alƙalai sun yarda ya yi kwas ɗin nan na masu wannan laifin, ana iya rage masa har kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin. Doka ta ba da damar ɗauri har wata 6, amma lauyan da ya gan shi a can ya ce masa a karon farko da wannan adadin tara ce aka saba yankewa. Da ta zo kan shekara 11 sai ta yi shiru tana lissafi, ta ce, "Zai kai 33 kenan." Na ce ta tashi ta duba min ƙullu. Ya kumbura ya zubo har ƙasa.

Bayan azahar ne muka yi ta da Baban Ummi, a kicin, ƙofa a rufe. Shi ya fara. Ya ce shekara 19 yana tuƙa tasi a garin nan, daren Juma'a da Asabar ba irin mashayin da bai ɗauka ba, ya wanke aman 'ya'yan mutane daga kujerarsa yana gode wa Allah da nasa ba haka suke ba. Ashe nasa yana can wani layin. Sai ya ce, "Ni ba tuƙin ne ya dame ni ba. Giya, a cikin ɗana. Da a Kano ne bulala 80 ce, kuma wallahi da hannuna zan miƙa shi."

Na ce, "Malam, ni kuma tuƙin ne ya hana ni zama."

Ya kalle ni kamar na yi saɓo. Na ce ya bari in ƙarasa. Giyar tsakaninsa da Ubangijinsa ce da mu, kuma ba na raina ta, zan yi kukanta a kan sallaya har sai na gaji. Amma da ƙarfe 2 na dare, fitila a kashe, da wata ma'aikaciyar jinya irina ta fito daga aiki tana tsallaka titi fa? Wace bulala ce za ta dawo da ita? Mu je gidan mutane mu ce me? Ya ce ai ɗayan ne ya haifi ɗayan. Na ce haka ne, amma na ji abin da Abba ya ce masa da safe a bakin bene: "Abbu ka yafe min, na sha." Bai ce na tuƙa ba. Yaron ya san wanne ne zai ƙona mana rai, shi ya roƙa. Mu muka koya masa hakan, tsoron a sani ya fi tsoron a kashe wani.

Wannan maganar ba ta yi masa daɗi ba. Ni ma da ta fito ban ji daɗinta ba, don ina tuna abin da ya fara zuwa raina da asuba, bayan na ji yana raye: kada matan islamiyya su ji. Ban faɗa masa wannan ba.

Daga nan muka koma kan kuɗi, wanda ya fi sauƙin faɗa a kai. Shi ya ce ko fam ɗaya ba zai sa a tarar ba. Na yarda. Ya biya daga albashinsa, ya hau bas zuwa aiki, sanyin watan Janairu ya yi masa wa'azi a tasha. A kan zuwa kotu muka rabu. Ya ce ƙafarsa ba za ta taka ba. Na ce tawa za ta taka, in zauna a baya ya juyo ya gan ni. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ya ce, "Ke kika sani." A bakin Baban Ummi wannan kusan amincewa ce.

La'asar sai ga kiran Hajiya ta WhatsApp, kamar kowace Lahadi, fuskarta cike da allo, ba a ganin komai sai hanci da tabarau. "Ina maigidana? Ya guje ni ko ya yi min kishiya a can?" Na ce yana barci. Gaskiya ce, barci yake. Ta ce a bar mata shi ya huta, yaron kirki, ya gaji mai sunan. Baban Ummi ya tashi ya fita wai zai duba mota.

Masar dai an soya, ta yi tsami fiye da yadda nake so. Auta ya ci 9.

Na ajiye masa tasa a ƙofar ɗaki na ƙwanƙwasa, ban kira shi da komai ba. Ɗazu na leƙa, an ɗauki kwanon. Makullin motar yanzu yana cikin jakata. Gobe in tuna in nemi a canza min aikin ranar kotu, kuma farar rigarsa tana buƙatar guga.