Gwaiduwa fara, ni kuma bakina gum

Talata, Agege.

Tun asuba ruwa yake zuba, lungunmu ya cika taf, yara ba su fita makaranta ba sai wajen tara. Da na san yadda karin kumallo zai ƙare, da koko kawai na dama na huta.

Burodi na aika aka sayo, na ce bari yau in soya wa surukata Hajiya ƙwan kajina, tunda sati biyu ke nan da zuwanta ba ta ɗanɗana ba. Har da 'yar gadarata, a gabanta na fasa guda huɗu cikin kwanon silba. Sai ga gwaiduwa ta fito fari-fari, kamar an jiƙa ta an wanke. Hajiya ta leƙa kwanon, ta daɗe tana kallo.

"Ke 'yar nan, wannan ƙwan kaza ne kuwa?"

Na ce, "Na kajina ne Hajiya, jiya da la'asar na kwaso."

Ta ce, "To kajin nan ba su da jini a jika. Mu a gida in ka fasa ƙwai, gwaiduwa ja wur kamar manja. Komai na Ikko haka yake, sai girman jiki ba ƙwari."

Tana faɗa idonta na kan Auta da ke cusa burodi a shayi. Ko da gangan ne ko ba da gangan ba, Allah masani. Na ce, "Haka ne Hajiya," na juya na kunna risho.

Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne na san dalili, ko in ce ina zargi, kuma ba dama in faɗa. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, rigimar da Iya mai gidan da muke haya ta yi ce wancan watan, da kajin suka cinye mata ewedu, ganyen miyar da ta shuka a bokiti, suka kuma ɓata mata ƙofar ɗaki. Tun ranar suke kulle a akurki, ba ciyawa, ba ƙwari, ba tonon bayan gida. Na biyun kuwa, Hajiya da kanta ta sauka da rabin buhun dawa da farar masara tsaraba. Buhun abincin kaji ya yi tsadar da ba na son tunawa, sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama, na riƙa ɓarza dawar ina haɗa musu da dusar alkama. Wato tsarabarta ce ta wanke gwaiduwar da take kushewa. To wa zai kalli surukarsa ya gaya mata haka?

Da ta shiga sallar walaha na laɓe bayan tankin ruwa na kira Yaya, shi da ya shekara yana aikin gidan gona. Sai da ya gama dariyarsa tukuna. Ya ce ba maganar jini ba ce, kaza ba ta ƙirƙirar launin nan a jikinta, abin da ta ci ne yake sauka a gwaiduwa. Jar masara da ɗanyen ganye suna ɗauke da sinadarin launi, ya kira sunansa karotinoyid. Dawa da farar masara da alkama ba su da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Kajin Hausa da Hajiya ta sani yini suke yi suna yawo, su tsinci ganye nan, su kama fara can, ai dole gwaiduwarsu ta yi ja.

Na ce to ƙwan nawa ba shi da amfani ke nan? Ya ce in daina wannan magana, abin gina jikin da ke cikinsa bai ragu ba don launi ya kwanta, in ba yara su ci. Har ya ce manyan gidajen gona suna da wani abu kamar mahuci mai launuka jere, daga 1 zuwa 15, da shi suke gwada gwaiduwa. Idan masu saye sun fi son ja, sai a zuba garin jan tattasai ko na wata fure mai ruwan ɗorawa a abincin, shi ke nan. Ashe jan da muke yabo ma ana iya sayensa a buhu. Launin ɓawo kuma daban ne, wannan na jinsin kaza ne, babu ruwansa da abin da ke ciki.

Ya ja kunnena a kan abu biyu. In na gyara abinci launi bai dawo ba, kuma kajin suna ramewa ko kashinsu ya canza, in nemi likitan dabbobi, don tsutsar ciki tana hana jikinsu tsotsar launin. Sannan kada araha ta ja ni in cika musu dusar gurya, tana iya sa gwaiduwa ta yi wani dabbare-dabbare mai kore-kore. Wannan kam da Hajiya ta gani, sai ta ce asiri aka yi min.

Abin da ya kashe min jiki shi ne lokaci. Ya ce gwaiduwa ba a dare ɗaya take haɗuwa ba, a hankali take taruwa a cikin kaza, kwana bakwai zuwa goma. Ko yau na canza abinci, sai bayan sati ko fiye zan ga bambanci sosai. Hajiya kuma Lahadi za ta hau mota.

Duk da haka da azahar na ɗauki lema na shiga kasuwa. Caɓi har idon sawu. Mai kayan miyata ya tara min rassan alayyafo da ugu da aka yar, bai karɓi ko sisi ba. Jar masara mudu biyu. Busasshen tattasai kaɗan, tunda Yaya ya ce kaza ba ta jin yaji ko da barkono ne. Zogale ban samu ɗanye ba.

Abban yara da na ba shi labari ya ce, "A kan ƙwai?" Ya ci gaba da danna waya.

Wuta ba ta zo ba. Wanki bai bushe ba.

Shekara tara ina garin nan, ɗaki biyu da falo, tsakar gidan da ba nawa ba. Kaji shida ne kaɗai abin da nake nunawa in ce ni na yi, su ma na kulle su saboda bokitin ewedu. Na rataye musu alayyafon da igiya a cikin akurki, na tsaya ina kallon yadda suke tsalle suna warta, har sai da sauro ya kore ni.

Bayan magariba na fito ɗauko buta, na hangi mutum tsugune a bakin akurki da tocila. Hajiya ce, da kwano cike da dawarta, tana watsa musu tana cewa, "Ku ci, ku ci ku yi jini."

Na ce, "Sannunku da aiki Hajiya."

Ta ce, "Gobe ma ki ƙara musu, ki daina ƙyashi."

Na ce to.