Yadda na rage gishiri ban rabu da tuwon zafi ba

Ranar da likita ya gaya mini cewa jinina ya fara hawa, na ɗauka ke nan na rabu da tuwon zafi da shinkafa da waken da nake saye kowace safiya a bakin kasuwar Nima da ke birnin Accra. Na yi mako biyu ina cin dafaffen ganye lami, har abinci ya fita mini a rai.

Mahaifiyata ce ta gyara mini hanya. Ta ce, "'Yata, tuwo bai yi miki laifi ba, hannunki ne ya yi nauyi wajen zuba gishiri da magi." Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babban mutum da kada gishirin da yake ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, magi kuwa cike yake da gishiri.

Yanzu idan zan kaɗa miyar ayoyo, daddawa nake dakawa da citta da tafarnuwa, in marmasa kifin banda a ciki, gishiri kuwa abin da yatsu uku suka ɗauko. Ƙamshin daddawar kaɗai yakan jawo yara zuwa bakin murhu kafin a kwashe tuwo. Sai da harshena ya yi wata guda kafin ya saba, amma yau miyar biki ma gishirinta yawa yake yi mini.

Shinkafa da wake ma ban daina ba. Nakan ce wa mai sayarwa ta rage taliya da gari, ta ƙara mini ganye da ƙwai ɗaya.